Ƙasar da Na Ɗebo a Bayan Ɗakinta

Shekarar da na gina madafi da hannuna, ita ce shekarar da na kusa rasa 'yata. Abu biyun nan a haɗe suke a raina, ba na iya tuna ɗaya in bar ɗaya. Na daɗe ban ba kowa labarin ba. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, hannu ya ɗan saba da alƙalami, sannan na ga ashe takarda ba ta yi wa mutum dariya, ba ta kuma katse shi.

Fari ya yi mana damina biyu a jere. Ƙauyenmu yana gefen Zakirai, irin garuruwan nan da gona ke manne da gona, in ka tsaya a ƙofar gida kana hango rumbunan wani ƙauyen. To a shekarar rumbunan duk a tuɓe suke, an sauke jinkarsu an ba dabbobi, dabbobin ma daga baya aka kai su kasuwa. Maigida ya ɗauki manyan yaranmu maza biyu suka tafi birni ci-rani. Ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke ce wa Iya, da 'yar autata mai shekara biyar. Sau ɗaya muke ci, bayan azahar. In ɓarza 'yar dawa, in ƙara mata dusa, in marmasa busasshiyar tafasa a kai, in raba uku.

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata. Mijinta ya rasu tun kafin farin, ya bar ta da 'ya'ya biyar. Mun fi shekara goma muna miƙa wa juna kwano ta kan katangar nan. In na yi dambu ta ci, in ta yi ɗanwake na ci, kuma a garinmu kwano ba ya komawa wayam, ko barkono ne sai an jefa a ciki. Da abu ya yi tsanani, kwanon ya riƙa ƙanƙancewa, har ya daina hawa katangar, ba wadda ta ce wa wata komai.

Ran nan da azahar sai ga 'yarta, ta huɗu a haihuwa, ƙawar autata, ta tsaya a bakin madafina da ƙwarya a hannu.

"Wai in ji Innarmu, ko ƙanzo ne."

Tukunya tana kan wuta, faifan da na rufe ta da shi har motsi yake. Na dubi tukunyar, na dubi tawa yarinyar da ke zaune a gindin murhu tana jira. Na ce, "Je ki ce mata ruwan wanka ne na ɗora wa Iya."

Yarinyar ta kalli tukunyar, ta kalle ni, ta ce, "To." Ta juya. Bayan kwana uku muka wayi gari ba su. An ce maƙwabciyar tawa ta kwashe 'ya'yanta biyar ɗin sun yi kudu da ƙafa, wajen dangin uwarta. Zana kawai ta jingina a ƙofar gidanta.

Ba a yi wata guda ba, guguwa ta taso da tsakar rana daga cikin gonaki, ta zo ta kan gidanmu kamar aiko ta aka yi. Ta ɗauke rufin madafina, bangon da ke kallon hanya kuma, wanda dama gara ta gama cinye gindinsa, ya zube. Hanyar rijiya ce. Sai ya zama duk mai wucewa yana ganin tukunyata. A shekarar yunwa kuwa tukunya ta fi mace bukatar sutura. Mutum ya tsaya gaisuwa, ya tambayi Iya, ya tambayi mutanen birni, ya sake tambayar Iya, idonsa yana kan faifai. Ni kuma na san ba zan iya sake cewa ruwan wanka ne ba, ba kuma ni da abin bayarwa.

Na ce wa Iya zan tayar da bangon.

Ta ce, "Ke? Mace da gini? Jira mazan su dawo."

Na ce, "Iya, mazan ai sai ruwa ya sauka."

"To, Allah ya ba da sa'a, sarkin magina. In ya faɗo miki a ka, kada ki kira ni, ƙafata ciwo take."

Na sha ganin maigida yana yin tubali, don haka aikin bai ba ni tsoro ba. Ƙasar ce matsala. Ta tsohon bangon ta zama gari, duk ramin gara ne, ba ta kamawa. Na je kududdufi da magirbi, gindinsa ya bushe ya tsattsage, in na sara sai magirbin ya dawo mini har kafaɗa. Kwana biyu ina fama ban cika kwando uku ba. Ga ruwa sai an jira layi, guga ya fito rabi da laka. Ruwan wanke-wanke da na alwala nake tarawa a kasko don kwaɓi.

Rana ta uku ina dawowa na ga zanar ƙofar gidan maƙwabciyata ta faɗi. Na tsaya. Na ce bari in shiga in gani, ko akwai guntuwar katangar da ta zube in kwasa.

Ban taɓa jin shiru irin na gidan nan ba. Rana tsaka, ko kukan kurciya babu. Turminta a kwance, tokar girkinta na ƙarshe tana nan a murhu, igiyar shanya da wani tsumma guda a rataye ba ya ko motsi. Sai da na yi sallama, alhali na san ba kowa. Na zaga bayan ɗakinta, lungun da take wankan jego duk haihuwa. Ƙasar wurin baƙa ce, daban da ta ko'ina. Na ɗan taɓa ta da magirbi, sai ya nutse kamar a tuwo.

Na fara haƙa ina cika kwando. Can sai magirbin ya ce ƙwas. Na tona da hannu, tsingaro ne, ɓarin fasasshiyar tukunya mai faɗin tafin hannu biyu, a kife. Na ɗaga, ba komai a ƙarƙashinsa sai ƙasa mai laushi. Na ajiye shi gefe. Gaba kaɗan na sake cin karo da wani, shi ma a kife. A na uku zuciyata ta gaya mini. Ungozomar garinmu in ta binne mabiyya da guntuwar cibiya, takan kifa tsingaro a kai don kada wani abu ya tone. Mai jego ba ta gani, tana ɗaki a kwance, amma kowace mace ta sani. Ba zan rubuta cewa ban gane ba. Na gane. Sai dai kafaɗata tana zogi, ga ruwan kwaɓi na riga na tara, ga tukunyata a fili. Na ce a raina, ƙasa ai ƙasa ce, duk ta Allah ce. Na ci gaba. Tsingaro biyar na fitar, na jera su a gindin katanga, na kwashe ƙasar wurin tas.

Ban taɓa ganin ƙasa mai biyayya irinta ba. Na zuba mata kashin jaki da guntayen ciyawar tsohon rufi, na yayyafa ruwa kaɗan, na shiga da ƙafa ina cuɗawa, sai ta yi danƙo kamar an sa mata karkashi. Na dunƙula tubala na jera a rana, kwana biyu suka bushe. Jerin farko da na biyu suka tafi daidai. Daga na huɗu bangon ya fara sunkuyowa.

Iya tana zaune a inuwa da carbinta ta ce, "Wannan bangon naki ruku'u yake yi ko gaisuwa?"

Na sauke jeri biyu na sake. Na gane ashe ba a yi wa gini gaggawa, sai ka ɗora kaɗan ka bar shi ya sha iska, gobe ka ƙara. Na yi kwana tara. Jerin ƙarshe a kan turmi na tsaya na ɗora. Na mai da tsofaffin azara, na zare kara daga danga na shimfiɗa, na rufe da zana biyu. Sannan na yi yaɓe da tafin hannuna, ciki da waje. Autata tana biye da ni da nata ɗan curin, tana manna shi a ƙasa-ƙasa inda tsawonta ya kai.

Saura daɓe. A da, ranar daɓe ranar mata ce. Ka gaya wa maƙwabta, su zo kowa da madaɓinta, ana bugu ana waƙa ana zolayar juna, ke kuma ki dama musu kunu ki yi musu dambu. A bana da me zan kira su? Ni kaɗai na durƙusa. Makuba dai, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ƙarfi, ba ta yi wuya ba, don kowa garin ɗorawa yake lasa, ɓawon yana nan tuli. Na jiƙa shi na yayyafa ruwansa, ina bugu.

A nan na fara jin abin. In na buga, sai in ji an amsa daga cikin kangon maƙwabciyata, kamar wata tana nata daɓen a can. Na ce amsa-kuwa ce, gida ba kowa dole ya mai da sauti. Na tsaya cak. Sai na ji an ƙara bugu ɗaya, sannan aka yi shiru. Na dubi Iya. Ta daina jan carbi, amma ba ta ɗago ba.

Madafi ya yi kyau, ba yabon kai ba. Tukunyata ta samu sutura. Zafin bazarar nan kuwa komai a yini ɗaya yake bushewa, yaɓen ya yi fari ƙal, in ban da wuri guda. Daga ƙasa, gefen murhu, wajen faɗin tabarmar yaro, ya ƙi bushewa. Baƙi ne, in ka dafa sanyi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Na ce ko inuwa ce ta yi masa yawa. Na hura wuta kusa da shi kwana uku, bai canza ba. Autata ta mai da wurin wajen zamanta. Sai in same ta ta manna kumatunta a jiki, idonta biyu, shiru.

Da na raba abinci, sai ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta shige madafi. Ban damu ba, na ce sanyin wurin take bi, kuma ƙwaryar tana dawowa a suɗe. Amma yarinya sai ƙara zubewa take. Mu ma duk mun rame, sai dai tata ramar ta fi tamu gudu. Wuyanta ya koma kamar sillen kara, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ta daina wasa, ta daina ƙiriniyar da take yi wa Iya ta ɓoye mata goro.

Ran nan na bi ta a hankali na tsaya a bakin ƙofa. Tana durƙushe gaban danshin nan. Ta gutsuri abincin ta dunƙula ta ajiye a gindin bango. Ta sake dunƙula wani ta ajiye kusa da shi. Ɗan abin da ya rage a ƙwaryar, wanda bai kai loma uku ba, shi ta ci.

Na ce, "Uwata, wa kike ajiye wa?"

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Su."

"Su wa?"

"'Yan gidan can. Sun ce yanzu nan ne gidansu."

Na daure na yi murmushi, na ce, "Ai su biyar ne. Ya kika ajiye biyu?"

Ta ce, "Sauran ba su iso ba tukuna."

Na zauna a wurin na zuba wa dunƙulen nan ido. Suna nan, ba abin da ya taɓa su. Na daɗe, har ƙafata ta yi sanyi. Iya ta kira ni in miƙa mata buta. Fita da dawowa, bai fi a ce bisimilla sau uku ba, na tarar ba su. Kajinmu tuni an sayar. Ɓera kuwa a shekarar ko kashinsa ba ka gani, me zai ci? Na ce ƙadangare ne. Har yau in aka matsa mini haka zan ce, ƙadangare ne. Amma ban ga sawunsa a kan sabon daɓen ba, ban ga tururuwa ko ɗaya ba.

Washegari na zaunar da ita a gabana a tsakar gida na ce ta ci ina gani. Ta riƙe ƙwaryar, hawaye na zuba, ta ƙi kai hannu. Na lallasa, na yi faɗa, har na ɗaga mata hannu, abin da ban saba ba. Ta yini ba ta ci ba. Kwana biyu haka. Ran na uku na ga gara ta ci loma uku da ta ci babu, na ƙyale ta ta shiga. Na leƙa, sai na ga dunƙule uku.

Da yamma Iya ta jawo ƙafar yarinyar ta ɗora a cinyarta, tana yi mata wasa, wai bari ta ga ko ƙafar ta isa sa lalle. Ta danna bayan ƙafar da yatsa. Da ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna bai taso ba. Iya ta ga yunwar da aka yi tun tana budurwa, ta san abin da wannan yake nufi. Ni ma na sani. Ta sallami yarinyar, ta dogara sandarta ta shiga madafi, wanda tun da na gama shi ba ta taka ba. Ta dafa danshin, ta sansana hannunta.

"Ke, zo nan. Ƙasar nan daga kududdufi kika ɗebo ta?"

Na sunkuya ina gyara itacen murhu.

"Da ke nake."

"Daga kangon nan ne, Iya."

"Ta ina?"

"Bayan ɗakinta."

Ta yi salati ta zauna daɓas a kan turmi. Ta ce, "Uku daga cikin cibiyoyin wurin ina tsaye aka binne su, ni na zuba wa ungozoma ruwa ta wanke hannu. Yarinya, ba ki san kowa inda aka binne cibiyarsa can yake komawa ba? Kin ɗauke wa marayu gida kin liƙa a gindin tukunyarki."

Na ce, "Iya, ai ba mu ji an ce wani abu ya same su ba."

Ta ce, "Ba mu ji ba."

Can na ce, "Uwar fa?"

"Ita tata tana garinsu. Ba za ta zo nan ba." Ta miƙe da ƙyar. "Ki rushe shi. Ki mai da musu ƙasarsu inda kika ɗebo, ki kifa abin da kika ɗaga."

Kafin in taɓa bangon sai da Iya ta ja ƙafa ta je wajen liman, tsoho ne sa'anta, yana cikin mazan da suka rage a gari. Ya aiko da rubutu a 'yar kwalba, da saƙo cewa wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya dawowa neman tuwo, yarinya yunwa ce da kewar ƙawarta, a yi mata addu'a a ba ta abinci. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ba ta rubutun. Ta sha rabi, ta shiga ta tsiyaye rabin a gindin bango, wai su ma ƙishirwa suke ji.

A ranar dunƙulen suka zama huɗu. Abin da ya rage mata a ƙwarya bai wuce a lasa ba. Na tambaye ta wane ne ya ƙaru. Ta ce ƙawarta ce, yau ta iso, ta gaji, ƙafarta duk ƙaya.

Ban jira gobe ba. Na ɗauko magirbi. Kwana tara na aiki da ciwon kafaɗa da ruwan alwalar da na tara, duk ban tuna da su ba. Na ce wa yarinyar ta fita. Na ɗaga magirbin na sara a saman danshin, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo, cikinsa jiƙe sharkaf kamar yau aka kwaɓa. Na sake ɗagawa.

Sai ta rugo ta rungume bangon, yarinyar da ko tafiya sai tana dafa abu. Ta ƙwalla ƙara, ta ce, "Inna, za ki sake korarsu?"

Sake. Ashe tana riƙe da ranar nan. Tana zaune a gindin murhu, ta ji na ce ruwan wanka ne, ta kuma ci daga abin da ke cikin tukunyar.

Na ajiye magirbin. Ita tana manne da bango tana sheshsheƙa. Iya tana bakin ƙofa, ba ta ce rushe ba, ba ta ce bari ba. Nawa rabon na ranar yana nan a rufe, ban samu na ci ba. Na ɗauko shi. Na nemo ƙaramin kwanon nan da muke miƙawa ta kan katanga, wanda ya daɗe a rataye har ya yi ƙura, na goge shi da bakin zanena. Na raba abincina biyu na zuba rabi a ciki. Na durƙusa na ajiye shi a gindin danshin. Kunya nake ji, babbar mace tana magana da bango da rana tsaka, amma na buɗe baki na ce:

"Ga naku. Ranar nan ba ruwan wanka ba ne, abinci ne, ku yafe mini. Daga yau a hannuna za ku karɓa. Ita ku bar mini ita ta ci nata."

Na juya na miƙa wa yarinyar ragowar rabin. Ta dubi bango, ta ɗan karkata kai kamar mai sauraro. Sannan ta zauna ta cinye, har tana suɗe yatsu.

Tun daga ranar haka muka yi. In na sauke, sai in fara zuba na kwanon daga nawa rabon, in ajiye, in ja zana in rufe ƙofar madafin, mu koma inuwa mu ci. In na dawo in tarar da shi wayam. Ban sake tsayawa gadi ba, ban sake neman sawu ba. Bayan kwana kaɗan na lura abin kwanon yana fin yadda na zuba. Ashe Iya ce take ɗiba daga nata ta ƙara in na ba da baya. Da na yi magana ta ce, "Sadaka nake, ina ruwanki? Ko ƙadangare ne ai bawan Allah ne." Ni da ita muka riƙa ganin jiri in mun miƙe, na ƙara ɗaure ɗamara a ciki. Amma ƙafar yarinyar ta saɓe. Ran da Iya ta nemi goronta ta rasa, ta same shi a cikin takalminta, har da hawaye ta yi tana zagin jikar.

Gurbin da na sara na cike shi da ƙasar da ta faɗo. Ramin bayan ɗakin kuwa na je na mai da tsingaron biyar na kifa, ko da yake abin da suke rufewa ba ya nan.

Ruwa ya sauka a makare, amma ya sauka. Maigida da yaran suka dawo aka yi shuka. Ya zaga bangon ya ƙwanƙwasa ya ce wane magini na samu, na ce wadda ya aura. Lokacin da ko'ina ya jiƙe, katangu suka yi kore, sai wurin nan ya bushe ya yi fari kamar sauran. Ranar da aka gasa tumun farko na sabon gero, na zuba a kwanon na ajiye. Na dawo na same shi yadda na bar shi. Washegari ma haka. Na tambayi yarinyar, ta ce, "Sun ƙoshi," ta fita wasanta.

An yi shekara goma sha wani abu. Iya ta rasu, autata ta yi aure a wajen Gezawa har ta haihu. Kangon ya narke ya zama fili, ana shuka kuɓewa a ciki. Wata rana da hantsi aka yi sallama, wani saurayi dogo da jaka a kafaɗa. Ya ce shi ne babban ɗan maƙwabciyata. Na gane shi ta goshin ubansa. Na ce ya shigo, ai ɗan gida ne.

Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, bai zauna ba. Ya ce, "Inna, na tsaya a filin can, an ce mini nan ne gidanmu, ban ji komai ba. Sai ƙafata ta yi ta jawo ni nan." Yana magana yana tafiya, har ya sunkuya ya shiga madafi, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ya tsuguna gefen murhu ya dafa bangon, daidai wurin. Ya ce, "Ikon Allah. Nan kamar na san shi."

A nan na kawo masa abinci, a cikin ƙaramin kwanon. Yana ci na tambaye shi mutanen gida. Ya ce uwarsu ta kai garinsu, a can ta cika. Ƙannensa kuwa sun rasu tun a bazarar da suka tafi. Ƙananan maza biyu rana ɗaya, a wani ƙauye a kan hanya. Bayan 'yan kwanaki mai bi masa. Ta ƙarshe ita ce ƙawar autata, ta fi su daɗewa, ta yi ta cewa a mai da ita gida. Shi kaɗai ya rage.

Na gaya masa inda na ɗebo ƙasar bangon, na roƙe shi gafara. Sauran ban gaya masa ba. Ya ce ba komai, gara da tana jikin gida da a ce tana cikin kuɓewa. Ya kwana biyu ya tafi, kuma duk shekara bayan girbi yakan zo.

Na taɓa tambayar autata ko tana tuna shekarar. Ta ce ita dai ta tuna bangon yana da sanyi, shi ke nan. Yanzu 'ya'yanta shida. Yayyenta sun yi wa gidan siminti da kwanon rufi, sun so su rushe madafin su yi mini na bulo. Na ce su yi wa bango uku abin da suka ga dama, na gefen murhu su bar mini shi. Duk kaka nakan kwaɓa ƙasa in yi masa yaɓe da hannuna, kuma daga kududdufi nake ɗebo ta.